Daga Sakkwato zuwa Detroit: Kundin da ya sauya kiɗan Mdou Moctar

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar ya shiga situdiyo a birnin Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko. Kiɗan da aka ɗora masa irin wanda kunnen mutumin Arewa ya saba da shi ne: gangar na'ura, da muryar da kwamfuta ta tace har ta yi kama da ta waƙoƙin finafinan Hausa.

Bayan shekara 11, a watan Maris na 2019, mutumin nan ya fitar da wani kundin waƙoƙi mai suna Ilana: The Creator, wanda ya naɗa a birnin Detroit na ƙasar Amurka. Duk wanda ya saurari kundayen biyu a jere, da wuya ya yarda cewa mutum ɗaya ne ya yi su.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. A yau yana cikin makaɗan jita 'yan Afirka da suka fi suna a Turai da Amurka, inda masu sharhi ke sa shi a sahun makaɗan rok, wato kiɗan nan mai ƙara da ake yi da jitar lantarki da ganguna. Ilana ita ce mararrabar da ya ajiye tsohon salonsa ya kama sabo.

Labarin ya shafe mu, domin salon da ya baro a wurinmu ya same shi. Abin da ya koma gare shi kuwa, wato tsirkiya da yatsu da makaɗa masu kaɗawa tare, shi ne abin da garuruwa irin su Haɗeja, mahaifar marigayi Haruna Uji mai gurmi, suke saki sannu a hankali.

Wane ne Mdou Moctar?

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a jihar Tawa, wadda ke maƙwabtaka da Sakkwato ta arewa. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da ake haƙar ma'adinin yuraniyom. Gidansu gidan riƙon addini ne da ba a maraba da kiɗa a cikinsa, don haka babu wanda zai saya masa jita.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne ganin wasan Abdallah Oumbadougou, wanda ake ɗauka a matsayin uban makaɗan jita na Abzinawan Nijar. Yaron ya nemi katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa jitar, ya riƙa koyo a ɓoye. Bahago ne, kuma da hagu yake kaɗawa har yau.

Kamar dubban samarin yankinsu, ya tafi ci-rani Libiya, sannan ya dawo gida ya shiga sana'ar kiɗan biki. Da Tamashek, harshen da Hausawa ke kira Buzanci, yake rera kusan dukkan waƙoƙinsa.

Daga ina jitar Abzinawa ta samo asali?

Kafin jita, Abzinawa suna da nasu kayan kiɗa. Akwai tende, wato turmin daka da mata ke rufe bakinsa da fata su mayar da shi ganga. Akwai imzad, mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu, wanda shi ma mata ke gogawa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi a jerin kayan gadon ɗan Adam a 2013. Akwai kuma tehardent, ɗan'uwan molo, wanda ake haɗawa da kiɗan ƙwarya a yi rawar takamba.

Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya halaka dabbobi, ya watsa samari zuwa Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka. An riƙa kiransu ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A cikinsu ne jita ta samu gindin zama. Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka kafa ƙungiyar da ta zama Tinariwen a wajajen 1979, suka ɗauki karin tende da na tehardent suka ɗora a kan wayoyin jita.

Lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990, kaset-kaset ɗin wannan kiɗa ne ke isar da saƙo daga zango zuwa zango, har hukuma ta haramta na Oumbadougou a Nijar. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995, jita ta fito fili ta zama kiɗan aure da suna, musamman a Agadas. Cikin wannan sabon zamani Mdou Moctar ya tashi.

Me Sakkwato ta ba shi?

Hanyar da ta haɗa Tawa da Sakkwato, ta Birnin Ƙonni da Illela, tsohuwar hanyar fatauci ce. A shekarun 2000 ba hatsi da dabbobi kaɗai ke bin ta ba, har da faya-fayen finafinan Kano, waɗanda waƙoƙinsu suka mamaye Nijar kamar yadda suka mamaye Arewacin Najeriya.

Kiɗan waɗannan waƙoƙi, da ake kira nanaye, ya ginu ne a kan abu biyu. Na farko fiyano, galibi ƙirar Yamaha, wadda ke ɗauke da sautin ganga da sarewa da goge a cikinta, ta yadda mutum ɗaya zai zauna ya haɗa kiɗan da a da sai an tara makaɗa biyar ko shida. Tun ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungume ta.

Na biyu manhajar Auto-Tune. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya taɓa aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa domin neman man fetur, shi ya ƙirƙiro ta, aka fara sayar da ita a 1997. Aikinta shi ne ta auna muryar mawaƙi, idan ta kauce daga matakin sautin da ya dace ta jawo ta ta mayar. Idan aka saita ta a kan matsakaicin aiki, mai sauraro ba zai ma san an taɓa muryar ba. Idan aka ƙure saurinta, sai ta hana murya zamewa a hankali daga wani mataki zuwa wani, ta riƙa tsallakawa farat ɗaya. Wannan tsallen ne ke haifar da karkarwar nan mai amon ƙarfe da muke ji a waƙoƙin fim.

Da wannan kayan aiki aka naɗi Anar, kundin farko na Mdou Moctar. Jitar katako ce a hannunsa, tana tafiya a hankali, gangar na'ura na bugawa a baya, murya kuma ita ce a gaba. Waƙoƙin soyayya da bege ne. A wancan lokaci haɗa Buzanci da salon Kano sabon abu ne, kuma shi ya bambanta shi da ɗimbin makaɗan jita da ke kwaikwayon Tinariwen.

Yaya waƙar ta kai Amurka?

Babu kamfanin da ya buga Anar a shekarar da aka yi shi. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya, ta Bluetooth da katin memori, hanyar da duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon caji da turin waƙa a kasuwar Haɗeja ko Gumel ko Maigatari ya sani. Direba ya tura wa fasinja, fasinja ya tura wa mai shayi, har suka kai arewacin Mali, sau da yawa ba tare da cikakken sunan mai waƙar ba.

A garin Kidal na Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga wayoyin jama'a, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu mai suna Tahoultine. Ya sa ta a wani faifai da ya kira Music from Saharan Cellphones, ma'ana kiɗa daga wayoyin Sahara, wanda ya fito a 2011 ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds da ke birnin Portland. Ya bi sawun mawaƙan domin ya ba su kasonsu na ciniki, ta haka ya gano Mdou Moctar, daga baya ya kawo masa jitar lantarki da aka ƙera domin bahago.

Shi dai wannan kamfani ya kuma fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, sannan ya buga Anar a faifai a 2014. Ke nan sautin situdiyon Arewa ne ya fara buɗe wa Mdou Moctar ƙofa, kuma bai kamata a manta da hakan ba idan ana maganar abin da ya biyo baya.

Shekarun lalube

Tsakanin 2013 da 2017 ya gwada hanyoyi daban-daban. Kundin Afelan na 2013 an naɗe shi ne a fili a garin Cintabaraden, wani sashe da jitar katako da tafi, wani da jitar lantarki irin ta gidan biki. Babu Auto-Tune a ciki.

A 2015 ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Kirkley ya ba da umarni aka ɗauka a Agadas. An gina labarin a kan Purple Rain, fim ɗin da mawaƙin Amurka Prince ya yi a 1984. Da yake Buzanci ba shi da kalma guda ta launin shunayya, sai aka fassara sunan da ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Labarin makaɗi ne da ke fama da abokan hamayya a waje da mahaifin da ba ya son kiɗa a gida.

A 2017 kuma ya naɗi Sousoume Tamachek a Portland, kundi mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan kiɗan da ke ciki, ya riƙa ɗora wani a kan wani. Har zuwa nan babu kundin da ya kama abin da mutanen Agadas ke gani idan ya hau fili da yaransa.

Me ya sauya a Ilana?

Ilana na nufin Mahalicci. Shi ne karo na farko da Mdou Moctar ya shiga situdiyo da cikakkiyar ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bes mai kaurin amo. Sun shafe kimanin mako guda a situdiyon Detroit tare da injiniyan sauti Chris Koltay, suna kaɗawa tare ana naɗa. Waƙa tara ce a kundin. Abubuwa huɗu ne suka raba shi da Anar.

Na farko, ganga ta dawo hannun mutum. Gangar na'ura ba ta gaggawa ba ta jinkiri, yadda ta fara haka za ta ƙare. Makaɗi mai rai kuwa yana iya farawa a hankali ya riƙa ƙara wuta yana kallon abokan kiɗansa, kamar yadda mai kalangu ke yi idan rawa ta yi zafi. Yawancin waƙoƙin Mdou Moctar na bayan nan haka suke, ƙarshensu ya fi farkonsu sauri nesa ba kusa ba.

Na biyu, an raba aiki. Madassane yana riƙe da gindin kiɗa, yana maimaita kari ɗaya ba fashi, bes kuma na cike ƙasa. Wannan ya 'yantar da hannun Mdou Moctar ya yi yawo a sama yadda yake so. Tsarin bai yi nisa da na makaɗan gargajiya ba, inda 'yan amshi da masu ƙananan ganguna ke riƙe kari, uban kiɗa yana shiga yana fita.

Na uku, amon jitar kansa ya canja. Jitar lantarki ba ta da ƙara sai an haɗa ta da na'urar ƙara sauti. Idan aka tura wa na'urar ƙarfin da ya wuce iyakarta, sautin yakan dushe ya yi gurnani, ya kuma daɗe yana amo bayan an saki waya. Mai gyaran rediyo zai kira wannan matsala, amma makaɗan rok da gangan suke neman sa. A waƙar Tarhatazed, wadda ta haura minti bakwai, ana jin wannan gurnani a fili, tare da wata dabara ta ƙwanƙwasa wayoyi a wuyan jita da yatsun hannun da aka saba kaɗawa da shi, abin da ke fitar da sautuka masu yawa cikin ƙiftawar ido. Marigayi Eddie Van Halen na Amurka ne ya shahara da dabarar. Mdou Moctar ya gan ta a bidiyo ya sarrafa ta yadda ta dace da hannunsa.

Na huɗu, murya ta ja baya. A Anar murya ce sarauniya, kiɗa na yi mata rakiya. A Ilana baitocin kaɗan ne, sau da yawa a bakin mutum biyu ko uku lokaci guda, sannan a bar wa jita fili ta yi dogon zance.

Ya koma Bature ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ke fara zuwa, kuma tana da dalili, ganin cewa an naɗi kundin a Amurka, da Ba'amurke a cikin ƙungiyar, domin kasuwar da akasarinta Turawa ne.

Sai dai wanda ya san bikin Agadas zai ji abin da ya sani. A can akan shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareta, a jona tsofaffin lasifikoki a ƙure su domin na nesa ya ji, makaɗa kuma su yi ta gasar wanda zai fi tayar da masu rawa. Ƙara da sauri da gurnanin jita duk suna nan tun kafin wani ya je Detroit. Mdou Moctar da kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa bai tashi da sauraron rok ba. Abin da situdiyon ya yi shi ne kama wannan amo da kyau, kowane kayan kiɗa da makirufonsa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin kundin ma sunanta Takamba.

Akwai kuma dalilin da ya sa kunnen Bature bai ji baƙunci ba. Kiɗan Abzinawa, kamar yawancin kiɗan Hausa, yana tafiya ne a kan matakan sauti biyar. Kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, wanda rok ya tsiro daga gare shi, shi ma a kan biyar ɗin ya fi tafiya, kuma masana da dama suna danganta wani sashe na tushensa da yankin Sahel.

Duk da haka sauyin bai zo kyauta ba. Taushin nan na Anar, wanda mutum zai saurara shi kaɗai da dare a ƙaramar waya, ya ragu. Dogon kiɗan jita mai ƙara ya fi dacewa da babban dandali da manyan lasifikoki. Kuma tun daga Ilana, wani babban kaso na masu sauraronsa mutane ne da ba su jin ko kalma ɗaya ta abin da yake faɗa sai an fassara masu.

Saƙon ma ya sauya

Da kiɗan ya yi zafi, maganar ma ta yi zafi. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta kuka ce ga Mahalicci kan halin da mata da talakawan hamada ke ciki, tare da zargin Faransa kan yuraniyom. Daga 1971 kamfanonin da Faransa ke da babban hannu a ciki sun shafe shekaru da dama suna haƙar ma'adinin a Arlit, ana sarrafa shi a ba da lantarki a Turai, alhali akasarin ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu, ƙasar kuma ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya.

Ilana ya jawo hankalin Matador, wani sanannen kamfanin faya-fayen rok na Amurka. A ƙarƙashinsa aka fitar da Afrique Victime a watan Mayun 2021, lokacin Souleymane Ibrahim ya karɓi ganguna. Sai Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, a watan Mayun 2024, wanda ya fi duk na baya ƙara da zafin harshe. A cikinsa akwai Oh France, da Imouhar, mai kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta.

Ana tsakiyar rangadi a Amurka ne sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wuta. 'Yan kasuwar Maigatari da Illela da Jibiya ba su manta da watannin ba, domin sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar. 'Yan ƙungiyar uku 'yan Nijar suka maƙale a Amurka. Cikin wannan zaman jira suka shiga situdiyo a Brooklyn ta birnin New York suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako da kiɗan hannu. Shi ne kundin Tears of Injustice, hawayen zalunci, da ya fito a farkon 2025. Waƙoƙin da aka yi cikin fushi sai ga su cikin alhini.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012 da kundin Tassili, wanda suka naɗa a hamadar kudancin Aljeriya da jitocin katako. Bombino, ɗan Agadas, ya naɗi Nomad a Nashville, aka fitar da shi a 2013, kuma kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, karo na farko ga wani mawaƙin Nijar.

Ina gurmin Haɗeja?

A nan ne labarin ya dawo gida. Ƙasar Hausa ba ta rasa kayan kiɗa masu tsirkiya ba: gurmi, garaya, molo, kuntigi, kukuma, goge. Gurmi ƙoƙon duma ne da aka rufe da fata, da doguwar sanda, da tsirkiya biyu ko uku. Da shi Haruna Uji ya fito daga Haɗeja ya cika gidajen rediyon Arewa, har waƙarsa ta Jummai ta zama abin da tsara guda ta haddace. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya ƙasashen duniya. A Nijar, Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da gurmi, sannan ya je gaɓar Tafkin Chadi, inda ruwan Kogin Haɗeja ke ƙarewa bayan ya bi ta Yobe, ya koyi biram na masuntan Buduma domin kada ya ɓace.

Yadda gurmi ke riƙe kari ɗaya da wata tsirkiya yana zance da wata bai yi nisa da abin da jitoci biyu ke yi a Ilana ba. Abzinawa sun ɗauki karin molonsu suka sa masa lantarki. A wajenmu an ɗauki amon kayan kiɗan an zuba a cikin fiyano, aka sallami masu kaɗa su.

Akwai dalilai na zahiri da suka jawo haka, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa gane su. Mai fiyano ɗaya ya fi makaɗa shida araha, ba ya buƙatar mota ko masauki, kuma waƙa kan kammala a yini guda. Mai biki ya gwammace ya ɗauko mai sa faifai da lasifika. Kasuwar masu jin Hausa tana da faɗin da mawaƙi zai ci abinci a cikinta ba tare da ya nemi wanda ba ya jin harshen ba. Ga kuma kallon maroƙi da ake yi wa mai riƙe da gurmi, wanda ba a yi wa mai zama gaban kwamfuta.

Amma tsarin na da rauninsa. Waƙar da ke yawo a memori, mai shagon turi ne ke karɓar kuɗinta, abin da ya sa mawaƙa da yawa suka dogara da bukukuwan masu hali da 'yan siyasa. Waƙar da ƙarfinta duka ke cikin kalmomi, a kan kiɗan da kowane situdiyo ke iya fitarwa, takan tsaya inda harshen ya tsaya. Abin da ke sa wanda ba ya jin Buzanci ya sayi tikitin kallon Mdou Moctar shi ne gwanintar hannu da ba a samu a cikin na'ura, da mutum huɗu da suka daɗe suna kiɗa tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa.

Wannan ba kira ba ne a yar da fiyano. Anar ya nuna cewa situdiyon Arewa na iya haifar da abin da zai ƙetare hamada da teku. Abin lura shi ne Mdou Moctar ya iya sauya salo ne saboda yana da abin da zai koma gare shi: hannun da ya ƙware a tsirkiya, da filin biki da ke biyan makaɗi ya ci gaba da ƙwarewa. Matashin da ya tashi bai taɓa riƙe komai ba sai linzamin kwamfuta, ranar da salon ya gundure jama'a, zaɓinsa kaɗan ne.

A ƙauyukan fadamar Haɗeja, inda masunta da manoma da makiyaya ke cuɗanya, har yanzu ba a rasa masu kiɗan hannu a wuraren kokawa da bukukuwan kaka, sai dai yawancinsu sun manyanta. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ko masarauta ko ɗan kasuwa mai sha'awa ba: ɗaki mai kyau da makirufo da yawa inda za a naɗi makaɗa suna kiɗa tare, rubutacciyar yarjejeniya da za ta ba makaɗi kaso a duk inda aka sayar da aikinsa, da fili na dindindin a gidajen rediyo. Masu shirya taron gwamnati da na kamfanoni ma suna da rawar takawa, idan suka riƙa ware wa masu kiɗan hannu gurbi da ladan da zai sa ɗan mai gurmi ya ga sana'ar mahaifinsa abar gado ce.

Mai son ya auna zancen da kunnensa, waƙoƙin duk suna intanet. Ya fara da Tahoultine ta 2008, ya bi da Tarhatazed ta 2019, sannan ya nemo Jummai ta Haruna Uji ya kasa kunne ga abin da gurmin ke yi a tsakanin baitoci.